Kan sarki mai hoton wani kan sarkin: wanne ke shiga albam, wanne ba ya shiga?

Mai_Albam:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Na jima ina tara kan sarki barkatai, duk wanda ya faɗo hannuna sai in cusa shi a albam, tsuntsaye ne, jiragen ƙasa ne, shugabanni ne, ba wani tsari. Yanzu na yanke shawarar tsayawa a fanni ɗaya, wato kan sarkin da aka buga hoton wani kan sarkin a jikinsa. A ganina babu fannin da ya kai wannan koya wa mutum tarihin harkar, don duk ɗaya da ka samu dole ka tashi neman asalin na cikin, na wace ƙasa ne, wace shekara, me ya sa aka tuna da shi. Amma ga inda na maƙale, ina iyakar abin take? In ƙasa ta ɗauko tsohon zanenta ta sake buga shi da sabon kuɗi, shi ma ya shiga? To wanda aka zana ambulan da ɗan mitsitsin kan sarki a kusurwa wanda ko da gilashi ba ka gane shi fa? Manya a taimaka.

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. Duk ka zuba su malam, albam ɗinka ne, wa zai zo ya tuhume ka?

Dattijo58:
Wa alaikumus salam ɗana, ka zaɓi fanni mai kyau kuma tambayar taka tsohuwa ce, waɗanda suka riga mu sun sha yin ta. Akwai ƙungiyar masu tara irin wannan kawai, Stamps on Stamps Collectors Club, su gida uku suke raba abin. Na farko shi ne wanda aka kawo hoton tsohon kan sarki yadda yake, ka gan shi ka gane shi ka buɗe katalogi ka nuna shi da yatsa. Na biyu wanda aka ɗauki tsohon zanen aka taɓa shi, aka canja kuɗi ko suna ko aka cire wani abu. Na uku kuma shi ne wanda ka ambata, kan sarki ne dai a jikin ambulan ko a hannun yaro amma ba wani takamaimai ba ne, mai zane ne ya ƙirƙira. Ni na farkon kawai nake tarawa. In kana son misali mai tsabta nemi guda uku da Ingila ta fitar a 1970 lokacin baje kolin Philympia a Landan, na kwabo 5 yana ɗauke da Penny Black na 1840, baƙin nan na kwabo ɗaya da shi ne kan sarki na farko a duniya, na kwabo 9 yana ɗauke da koren nan na sule ɗaya na 1847, na sule ɗaya da sisi kuma da jan nan na 1855. Ba gardama a kansu ko kaɗan.

Ummu_Hanan:
Baba Dattijo Allah ya ƙara lafiya. Ni a tunanina na 1940 da Ingila ta yi na cikar shekara ɗari ma ya shiga gida na farko, tunda kan Sarauniya Biktoriya na jikin Penny Black ne aka saka kusa da Sarki George na 6.

Dattijo58:
Amin 'yata. Kan nata ne aka ɗauko amma ba kan sarkin ba, duba da kyau, babu baƙin firam ɗin, babu haruffan kusurwa, kawuna biyu ne kawai a jere. Haka suka sake yi a 1990, lokacin cikar Penny Black shekara 150, da Biktoriya da Elizabeth. Ni a gida na biyu nake ajiye su. A wannan shekarar ta 1940 kuwa Meziko ta buga Penny Black ɗin sukutum a jikin nata, to ki ga abin mamaki, baƙo ya fi mai gida kawo hoton.

Na_Gidan_Waya:
Ni fa ban yarda da wannan rabe-raben ba sam. Kan sarki an yi shi ne don ya kai wasiƙa, wanda bai taɓa hawa ambulan ba ni a wurina hoto ne kawai. Kuma yawancin waɗannan masu hoton kan sarki a ciki ba don wasiƙa aka buga su ba, don aljihun masu tarawa aka buga, hukumomin gidan waya sun san cewa mai tara kan sarki in ya ga kan sarki a cikin kan sarki ba ya iya kau da kai shi ya sa duk baje koli sai an fitar, duk cikar shekara sai an fitar. Mai_Albam ka yi tunani kafin ka zuba kuɗinka.

Bintalo:
Yaya Na_Gidan_Waya ka yi tsauri da yawa gaskiya. To mu da ba za mu taɓa riƙe na asalin ba fa? Ka ɗauki jan nan na santi ɗaya na Guyana ta lokacin Turawan Ingila, na 1856, ƙwaya ɗaya tak ya rage a duniya, a 2014 an saye shi kusan dala miliyan 9 da rabi, a 2021 kamfanin Stanley Gibbons ya saye shi sama da dala miliyan 8. Guyana ta buga hotonsa a jikin kan sarkinta a 1967 kuma ina da shi, in na buɗe shafin ina ganin kusurwoyin nan da aka yanke har ya zama mai gefe takwas, raina yana yin fari wallahi. Kuma wani yaro ɗan shekara 12 ne ya tsince shi cikin takardun gidansu a 1873 ya sayar sule 6, duk wannan labarin ta dalilin na 1967 ɗin na san shi, da ban same shi ba ina zan sani?

Na_Gidan_Waya:
Ban ce kar ki ji daɗinsa ba ƙanwata. Na ce a san abin da ake saye.

Kawu_Sale:
Maganar Na_Gidan_Waya akwai ƙamshin gaskiya amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Waɗanda ya kamata a yi hattara da su irin na ƙananan yankunan Larabawan nan Ajman da Manama da Fujaira ne na ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1972, da aka riƙa bugawa tuli-tuli da hatimi a kansu tun daga inda aka buga, danƙon bayansu ma yana nan bai taɓa ganin ruwa ba. Amma na Afirka ta Kudu na 1953 mai hoton kan sarkin Cape mai kusurwa uku na 1853, wannan an yi aiki da shi a wasiƙu sosai, kana samunsa da hatimin gaske. Haka na Jamus ta Yamma na 1949 da ya tuna da na Bavariya na 1849. Ƙasa ta tuna da nata na farko bayan shekara ɗari ai ba cin kasuwa ba ne, abin alfaharinta ne.

Mai_Albam:
Na gode ƙwarai Kawu. Kenan in na fahimce ku, in fara da na cikar shekara ɗari?

Kawu_Sale:
Shi ne hanya mafi sauƙi. Ka rubuta shekarar da kowace ƙasa ta fara, ka ƙara ɗari, ka je katalogi ka duba shekarar. Burazil ta fara a 1843 da masu manyan lambobin nan 30 da 60 da 90, duba 1943. Zurich da Janeba na ƙasar Switzerland su ma 1843. Amurka 1847, Faransa 1849. Sai dai ba kullum lissafin ke fita ba, Indiya a 1954 hanyoyin ɗaukar wasiƙa ta zana maimakon tsohon kan sarki, Pakistan kuwa a 1952 ta kawo zanen na Sindh na 1852 tare da raƙuma da jiragen sama.

Mai_Hantsaki:
Tunda an ambaci raƙuma bari in shigo. Wanda na fi ƙauna a duk abin da na mallaka shi ne na Sudan na 1948, na cikar shekara 50 da fitowar mai raƙumin nan ɗan kai wasiƙa na 1898. Wani hafsan sojan Ingila Kyaftin Stanton ne ya zana na asalin, in ka sa gilashi a kan na asalin za ka ga an rubuta Khartoum da Berber a jikin jakunkunan wasiƙar. Abin da ya sa nake son wannan shi ne na asalin ma ba gagararre ba ne, an daɗe ana buga zanen shekara da shekaru, don haka za ka iya ajiye uwa da ɗa a shafi guda, tsohon a hagu sabon a dama. Ni yanzu haka nake tsara nawa, duk inda na cikin yake samuwa sai na nemo shi na ajiye kusa da mai hotonsa, kuma a nan ne ido ke buɗewa, ka ga inda mai zane na biyu ya rage layi, inda launi ya ɗan kauce, wani lokacin ma har haƙoran gefen sai an zana su. Masar ma a 1946 ta yi jerin cikar shekara 80 kuma a ciki akwai mai hoton nata na farko na 1866.

Bintalo:
Kai wannan tsari ya yi Malam Mai_Hantsaki, zan kwaikwaya.

Abu_Safwan:
To ni ku warware min wannan. Kan sarkin nan na Amurka mai jirgin sama da aka buga a kife, na 1918 mai santi 24, falle ɗaya mai guda 100 aka samu. A 2013 sun sake buga shi da gangan a kife amma da dala 2. Kan sarki ne a cikin kan sarki ko kuwa sabon bugu ne kawai? Don ni ban ga wani "ciki" ba, shi kaɗai ne a tsaye.

Dattijo58:
Gida na biyu ne Abu Safwan, an canja kuɗin.

Malama_Zee:
Baba ka yi haƙuri ni ko gida na biyun ban ba shi ba. Sharaɗina ɗaya ne, in ga gefe biyu, gefen na waje da gefen na ciki. In babu to maimaici ne, in kuwa za mu karɓi maimaici to duk ƙasar da ta shekara hamsin tana buga zane ɗaya tana canja kuɗi sai mu ce kan sarki ne a cikin kan sarki, abin ya lalace kenan ba iyaka.

Dattijo58:
Akwai bambanci Malama. Wancan ci gaba da amfani da zane ne, wannan kuwa an yi shi musamman don a tuna da wani kan sarki sananne bayan shekara 95. Niyya ce ta raba su.

Malama_Zee:
Niyya ba ta bayyana a gilashi Baba. Wanda zai buɗe albam ɗina abin da idonsa ya gani zai yi hukunci da shi.

Abu_Safwan:
Ku bar ma wannan, a bugun 2013 ɗin sun ɓoye falle 100 da jirgin yake a daidai suka cakuɗa cikin sauran a rufe, sai ya zama na daidan ne ake rububi. Ni abin ya burge ni ko ya shiga ko bai shiga ba.

Na_Gidan_Waya:
Ka ga abin da nake faɗa ko? Ƙarancin da aka ƙirƙira da gangan. Na 1918 kuskure ne na gaske a wurin bugu, na 2013 dabara ce ta kasuwa.

Ummu_Hanan:
Don Allah ku ɗan dakata da gardamar, ina da matsala. Ƙananan fallayen nan na tunawa da nake da su wasu sun fara yin ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a baya, biyu ma sun manne da shafin. Me zan yi?

Mai_Hantsaki:
Laima ce Hajiya. Farko ki raba masu ɗigon da sauran yau ɗin nan don yana yaɗuwa. Albam a tsaye ake ajiye shi ba a kwance ana ɗora wani a kan wani ba, nauyi da laima su ke sa danƙon ya kama. Ki riƙa buɗe shi lokaci-lokaci yana shan iska, kar ki jingina shi da bango mai sanyi, ki sa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima a cikin akwatin. Waɗanda suka manne kar ki fizge, za ki ɗaye bayan ne. In kin haƙura da danƙon sai ki jiƙa a ruwa mai tsabta su saki da kansu ki shanya tsakanin takarda mai shan ruwa, darajarsu za ta ragu amma hoton ya tsira. Kuma hannu a daina, a sa hantsaki mai faffaɗan baki.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri, yanzu zan tashi in raba su.

Sabon_Shiga:
Sannunku. Ni sabo ne, tambayata wanne ne ya fi kowanne tsufa a irin wannan?

Kawu_Sale:
Barka da zuwa ƙanena. In tsofaffi kake nema, Japan a 1921 ta yi jerin cikar shekara 50 da kafa gidan wayarta, biyu daga ciki suna nuna nata na farko na 1871. Amma daga 1940 ne abin ya buɗe sosai, sannan 1979 aka yi ambaliya, shekarar da Rowland Hill ya cika shekara ɗari da rasuwa, shi ne mutumin da ya kawo tsarin biyan kuɗin wasiƙa tun kafin a aika da farashi ɗaya mai sauƙi. Ƙasashe da yawa sun sa hotonsa tare da tsofaffin kan sarkinsu. Ita Ingila a nata guda huɗun na 1979 hotonsa ta sa da masu raba wasiƙa na da, ba ta sa kan sarki ba. In kana son albam ya cika da wuri fara da 1979 da 1990, suna da yawa kuma ba sa wahalar samu.

Bintalo:
Wani abu da ke ba ni sha'awa game da masu hoton Penny Black shi ne haruffan nan biyu na kusurwoyin ƙasa. Fallen asali guda 240 ne, layi 20 kowane layi 12, kwabo 240 fam guda kenan, harafin hagu yana nuna layi daga A zuwa T na dama kuma daga A zuwa L. To ba harafi ɗaya duk ƙasashe ke kwafa ba, wannan ta ɗauko nata waccan ta ɗauko nata, wasu sabo fil wasu da jan hatimin nan a fuska. Na fara rubuta haruffan kowanne a ƙarƙashinsa da fensir, sai ga shi abin da da nake gani iri ɗaya ya zama kowanne daban.

Dattijo58:
Madalla 'yata, haka ake yi. Kuma jan hatimin nan shi ya kashe Penny Black ɗin, ba ya fita sosai a kan baƙi kuma ana iya wanke shi a sake amfani da kan sarkin, shi ya sa a 1841 aka koma ja ana buga masa baƙin hatimi. An buga sama da miliyan 68, don haka Mai_Albam ka sani shi ba gagararre ba ne irin na Guyana, mai ɗan rauni yana samuwa in mutum ya yi tanadi, wata rana sai ka yi irin tsarin Mai_Hantsaki da shi.

Gaskiya_Dokin_Karfe:
Gargaɗi ga sababbi. An taɓa turo min hoto a intanet wai tsohon kan sarki marar haƙora za a sayar min da araha, da na ƙura ido sai na ga an yanko shi ne da almakashi daga cikin fallen tunawa na zamani. Takardar fara tas mai sheƙi, in ka ƙara girman hoton sai ka ga ɗigo-ɗigon injin bugu na yanzu maimakon layukan sassaƙa. Ku riƙa auna girma kuna duba launi. Misali fallen Amurka na 1947, Franklin na santi 5 shuɗi aka yi shi alhali na asali na 1847 ja-ja ne mai ruwan ƙasa, Washington na santi 10 kuma ruwan lemo alhali na asali baƙi ne. Wanda ya san wannan ba a cutarsa.

Na_Gidan_Waya:
Na 1947 ɗin nan kam na yarda da shi, don an halatta a yanko su a liƙa a wasiƙa kuma mutane sun yi. In na samu ambulan mai ɗauke da shi da hatimin shekarar zan ajiye da hannu biyu.

Malama_Zee:
To ka ga kai ma ka shigo fannin Yaya. Amma a sharaɗina shi ma da sauran magana, in yana cikin fallensa na yarda, in an yanko shi ya zama maimaici.

Sabon_Shiga:
Ni kam na fi son masu hatimi ko don sauƙin kuɗi amma matsalar sai hatimin ya faɗa daidai kan ɗan ƙaramin na ciki ya rufe shi gaba ɗaya.

Mai_Hantsaki:
Shi ya sa a wannan fannin ake haƙuri a zaɓi wanda hatimin ya taɓa kusurwa kawai. Ka karɓi wanda ka samu ya riƙe maka gurbi, in mai kyau ya zo ka musanya.

Mai_Albam:
Jama'a na ƙaru fiye da yadda na zata. Ga abin da nake shirin yi, gaban albam na gida na farko zalla kamar yadda Baba Dattijo ya ce, jere bisa shekarar na ciki ba ta na waje ba, don in mutum yana buɗewa ya fara daga 1840 ya gangaro. Irin su jirgin 2013 da kawunan 1940 in ware musu shafuka a baya. Na ukun ne har yanzu zuciyata ba ta kwanta da su ba.

Ummu_Hanan:
Kar ka yar da na ukun Malam. Akwai masu kyau sosai a ciki, yara sun sunkuya kan albam da gilashi a hannu, ni su ne ma suke jawo hankalin 'ya'yana in na buɗe, ba ruwansu da 1840.

Dattijo58:
Jeri bisa shekarar na ciki zai ba ka wahala a wuri ɗaya ɗana, akwai masu ɗauke da tsofaffi biyu ko uku na shekaru daban-daban a jiki ɗaya, sai ka zaɓi mafi tsufa ka bi. Kuma ka bar sarari da yawa a 1840 da 1847. Na tsibirin Moris kaɗai zai ci maka shafi, na kwabo ɗaya da na kwabo biyu na 1847 masu rubutun Post Office, 500 aka buga na kowanne, waɗanda suka rage yau duka ba su kai 30 ba, tsibirin ya buga hotonsu a 1948 tare da Sarki George na 6 kuma ya sake komawa kansu daga baya.

Malama_Zee:
Ni dai da ni ce, shafukan bayan nan albam daban zan yi musu.

Abu_Safwan:
Kawu Sale, wane katalogi kake dubawa ne? Na ga lambobin katalogin Scott na Amurka da na Stanley Gibbons na Ingila ba sa haɗuwa, in ina neman na ciki sai in rikice.

Kawu_Sale:
Ba za su haɗu ba ai, kowanne da lambarsa, haka Michel na Jamusawa da Yvert na Faransawa. Ka riƙe ɗaya kawai ka rubuta sunansa a shafin farko. Ni Gibbons nake bi saboda ƙasashen da Ingila ta mulka, amma na ƙasashen Turai Michel ya fi kawo hoton kowane ɗaya a jeri, in ana neman gane ɗan ƙaramin na ciki hoton nan shi ne komai. Tsohon bugu ma ya ishe ka tunda ba farashi kake nema ba. Sabon_Shiga in kana da maimai na 1979 ka ɗora hotonsu a nan mu gani, ina da wasu na 1990 da zan iya musanyawa.